Ɗakin da Rana Ba Ta Leƙawa

Ranar Asabar da hantsi Barira ta ƙwanƙwasa ƙofar Ghali a unguwar Muntazah da ke Doha. Ita ma'aikaciyar jinya ce, shi injiniya a wani kamfanin gas, amma duk wannan girman a bakin ƙofa yake tsayawa. Mahaifin Barira yayan mahaifiyar Ghali ne, wato taubasai ne, kuma tun suna yara a Gusau ba su taɓa gaisawa cikin mutunci ba.

"Lafiya lau, sai kewar bawana," in ji Barira tana tuɓe takalmi. "Ina Haulat?"

"Ta je asibiti karɓo magani. Kuma bawa yana gidanku. Zauna ki ga aikin masu hankali."

Ghali yana ji da kansa a ranar, kuma da dalili. Matarsa Haulat ta yi wata biyar tana fama da ciwon ƙashi, har likita ya gano rashin hasken rana ne. Shekara tara a Doha, daga sanyin gida sai sanyin mota sai sanyin kanti. Likita ya ce ta riƙa shan hantsi. Shi ne Ghali ya ɗauki hutun kwana goma a watan Afrilu, zai kai ta Gozo, wani ɗan tsibiri kusa da Malta. Gobe da safe zai miƙa takardun biza, har da takardar masauki.

Ya juyo mata kwamfuta. "Otal goma sha huɗu na tace kafin na tsaya a kan wannan."

"Kai da ko tumatir ba ka iya zaɓa ba? Kawo in gani." Ta latsa hoto na farko. "Wannan kuma mene ne?"

"Na'urar sanyaya ɗaki. Sai da na sa suka ɗauko mini hotonta ta baya, na duba ƙarfinta."

"Mutane suna kallon teku, kai kana kallon bayan na'ura. Ina tagar?"

"Ga ta can sama."

"Wannan taga ce ko ramin ɓera? Me take kallo?"

"Bango," Ghali ya faɗa yana murmushi. "Sau uku ina rubuta musu. Na ce ban son ɗaki mai kallon gabas, ban son mai kallon yamma, ban son hawa na ƙarshe da rufi ke gasa mutum, kuma a nisanta ni da teku saboda gumi. Haka na zaɓi gidan nan da kike zaune, ko a Agusta ba ma jin komai."

Barira ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Baba ya sha faɗa cewa da aka zo rabon kwanya a gidanmu, ɓangaren mata ragowa suka samu. Na ɗauka wasa yake."

"Kawu da ya sayi injin niƙa a unguwar da babu lantarki? Shi zai yi maganar kwanya?"

"Bar tsohona ya huta. Ni amsa nake so. Me likita ya ce Haulat ta nema?"

"Hantsi."

"Kai kuma ka haye jirgi da ita, ka tsallaka teku, ka kai ta ina?"

Ghali ya jawo kwamfutar gabansa. Ya sake duban hoton ɗakin, a karon nan da idon Haulat. Ya tuna wata safiya da ta tsaya a jikin labule tana cewa ita dai burinta ta buɗe taga da safe ba tare da zafi ya mare ta ba. Abu ɗaya tak ta roƙa, shi kuma ya yi sati biyu yana ƙoƙarin toshe shi. Kunya ta kama shi sosai.

"A Afrilu a tsibirin can har rigar sanyi ake sawa," in ji Barira. "Na'urarka sai dai ku riƙa gaisawa. Yalla, maza kira su."

"In ɗakunan teku sun ƙare fa? Sauran otal ɗin da na duba duk sun cika, takarda kuma gobe ce."

"Sai ka kira tun kafin su ƙare, bawan banza."

Ya kira, ya buɗe muryar wayar don Barira ta ji. Wata dattijuwa ce ta ɗauka, ita ce mai gidan. Da ya faɗi sunansa sai ta kwashe da dariya har da tari. Ta ce shekara talatin tana saukar baƙi, ba ta taɓa ganin wanda ya roƙa a ɓoye shi daga rana ba. Ɗakin ma da ya zaɓa nan suke ajiye zannuwan gado. Ta ce ta san dole wata mace a gidansa za ta ga hoton, shi ya sa ta ƙi ba kowa ɗakin sama mai baranda, wanda rana ke fara sauka a kansa kullum. Sabuwar takarda za ta iso kafin azahar.

Ghali ya ajiye wayar, ya jingina da kujera, ya saki wani dogon numfashi. Sai ya ji wuyansa ya yi sakayau.

"Alhamdu lillahi," ya ce a hankali.

"Ka ji ko? Har a Turai an san sai mace ta duba aikinka."

"Tsohuwar ce mai hankali, ba ke ba. Ke me kika yi in ba surutu ba?"

"To khalas, shi ke nan. Bari Haulat ta dawo in nuna mata ramin ɓeran da aka so kai ta."

"Tsaya mana, ranki ya daɗe."

"Maimaita, kunnena ya ɗan toshe."

"Ranki ya daɗe, uwargijiyata. Amma zuwa Litinin kawai."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙunshin kilishin da ya ɓoye tun zuwan wani abokinsa daga gida, da wata leda mai nauyi. Barira ta karɓi kilishin, ta leƙa ledar, ta zaro wani baƙin ƙyalle mai kauri.

"Wannan fa?"

Ghali ya sosa ƙeya yana dariya. "Labule ne. Na saya don mu tafi da shi, ko da rana za ta samu hanyar shiga ta ƴar tagar nan. Ɗauke shi ki fita da shi kafin ta dawo."