Duwatsun Niƙa Sun Je Kasuwar Funtua

Shekarar da Labo ya fara jan babbar mota, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kakarsa Marka ta hana mutanen garin Ƙarfi sakat da zancen "mijina direba." Ƙoran da ta shuka, ta fafe, ta kankare tun kaka, ta rantse ba jakin da zai kai mata su kasuwar Funtua. Ranar da Labo ya zo ɗauka kuwa, sai aka tashi da iskar bazara, irin mai yaye jinka.

"Sannu, amarya. Yaya tsufa?" in ji Labo.

"Je ka tambayi wanda ya tsufa. Ɗora mini kayana, ango."

Labo ya dubi ragar ƙoran, ya dubi sama. "Wannan kaya ne? Tsawo kamar rumbu, nauyi kamar kaza! In ba nauyi a ƙasan motar nan, iska ta buge ta ta gefe, sai dai a tsinto mu a gonar wani."

"Ba ga ni ba? Ni zan danne ta."

"Ke? Da ke da zanenki da goron bakinki, ba ku kai buhun ƙaiƙayi ba."

"Ja'iri! Wannan ƙaiƙayin ne ya goya ubanka."

Bakinta bai mutu ba, amma ta san gaskiya ya faɗa. Wahalar shekara guda ce a ragar nan, kuma in damina ta sauka ƙoran suna ɗaki, fumfuna ce za ta ci kasuwarsu. Ta ɗaure zane, ta bi gida-gida tana sa magidanta su fito da duwatsun niƙan matansu.

"Marka, da me za mu niƙa garin tuwo?" in ji Hajo maƙwabciyarta.

"Ku sha kunu! Duwatsunku za su je buɗe ido."

Labo ya jera su a tsakiyar bodin motar don su danne ta, ya ɗaure tamau. Ya kwance tamfol don kada ya tari iska, ya shimfiɗa ragar ƙasa-ƙasa. Suka kama hanya, hannuwansa biyu a kan sitiyari, motar tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa.

"Tafiya muke ko jiran wani muke?" in ji Marka da ke zaune a gefensa.

"Amarya na ɗauko, ba a gudu da amarya."

"Ga mai jaki can zai wuce mu! Sake ni, Labo, shi zan aura."

"Na sake ki. Amma ki faɗa masa haƙoranki biyu ne, kada ya dawo mini da ke."

"Biyun nan sun ci naman da ba ka taɓa saya mini ba, matsolon miji!"

"Naman ko romon?"

Suna fitowa daga cikin itatuwa, suka hau wata gada a fili fetal, iska ta zo ta naushi motar a haƙarƙari. Bodin katako ya yi ƙara, motar ta karkata, ƙoran suka ɗauki kuka a baya. Labo bai taka birki da ƙarfi ba, bai fizgi sitiyari ba. Ya ɗaga ƙafa daga mai, ya riƙe ta a hankali har ta koma ta zauna a kan tayoyinta. Marka kuwa ta damƙe masa riga, idonta a rufe.

"Baiwar Allah, sakar mini riga. Ke fa matar mai jaki ce yanzu."

"Rufe mini baki ka dubi hanya!"

A Funtua ta zazzage ragar, tana ƙwanƙwasa ƙoran ɗaya bayan ɗaya. Ko tsagewa babu. Daɗi ya kama ta har ta rangaɗa guɗa a tsakiyar 'yan ƙwarya. Ta zaro wadda ta fi kyau, mai zane a baki, wadda ta yi niyyar tsuga wa kuɗi, ta dangwara wa Labo a ka.

"Ungo. Na fasa auren mai jakin."

"Don na iya tuƙi?"

"Don in na bar ka, wa zai mayar wa Hajo dutsenta? Tashi mu je, ango. Amma a hankali!"