Rasuwar Baƙa, Tukunyar da Aka Yi wa Ƙazafi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ma ya sami wurin zama a cikinta, ni Smaranda Vlaicu nake sanar da dangi da maƙwabta rasuwar tukunyata ta baƙin ƙarfe, wadda muke kira Baƙa. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a kan murhu, tana bakin aiki, bayan shekara bakwai a gidanmu.

Na same ta a kasuwar Alhamis, makon da muka binne Baba, a kan lei sittin, kuɗin ƙasarmu. Na ɗaga ta da mariƙinta, na buga mata cokali, ta amsa "tinnn" har sai da na gaji da saurare. Tukunya mai tsaga ba ta wannan amo. Na shafa cikinta, na duba kaurin gindinta, na biya. Gwaggo Veta ta ce, "Shekara biyar kina karatun ƙarfe a birnin Brașov, 'yar nan, ki ƙare da tukunyar da ko kare zai raina?" Na gasa ta da gishiri, na shafe ta da mai sau uku.

Marigayiya ba ta taɓa ganin sabulu ba, ba ta taɓa ƙona tuwo ba. Da aka rufe masana'antar da nake aiki, ita ta riƙe ni da Mama wata goma sha ɗaya: tuwon masara safe da yamma, da cuku in an samu, da albasa in ba a samu ba. "Fat, fat, fat," iyakar maganarta ke nan. Tuwonta yakan kife a kan katako dunƙule guda, a yanka da zare, ƙanzo ya ɓare kamar hula. Ba mu roƙi kowa ba.

Ciwon ajalinta ya faro mako biyu da suka wuce, da yayana Costel ya are ta zuwa bakin rafi da abokansa. Ya dawo da ita tana ƙyalli, ya ce, "Ga 'yarki, Injiniya, har wanka na yi mata." Na yi godiya. Ban buga mata cokali ba, domin yayana ne ya miƙo.

Ranar Asabar muka yi sadakar shekara bakwai ta Baba. Mutum talatin na zaune a tsakar gida, fadan coci ya gama addu'a, ina tuƙi, sai Baƙa ta ce "ƙwas". Tuwo ya zube, wuta ta mutu. Da burodin kanti aka ci sadakar mahaifina. Gwaggo Veta ta ce, "Ai na faɗa tun ranar farko." Costel kuwa, idonsa a kan faranti, ya ce, "Kayan arha ke nan."

Na binciki gawar. Sabuwar karaya fara take fitowa, tsaf. Wannan karayar kuwa rabinta baƙi ƙirin ne, an cusa mata toka da mai da yatsa. Tana da zafi aka tsoma ta a ruwan rafi, ta tsage, aka ɓoye. Ɗalibin shekarar farko ma zai gane. Arha ba ta kashe Baƙa ba, kuma ban yi kuskuren zaɓe ba.

Ta bar muciya ɗaya, da katakon kife tuwo, da murfin da ba nata ba ne amma suka zauna lafiya, da Mama wadda har yanzu takan kai hannu ƙusar da muke rataye ta.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan an tashi daga coci. Ba za a sayar da ita ga masu sayen tsohon ƙarfe ba. Za a cika ta da ƙasa, a dasa ɗoɗɗoya, a ajiye ta a kabarin Baba. Kafin nan za ta kwanta a ƙofar gida, tsagarta a sama, kowa ya duba da idonsa. An keɓe wa Gwaggo Veta kujera a gaba. Ranar Alhamis zan koma rumfar da na saye ta, in sayi irinta, masu neman aro kuma su huta.

Costel ne zai ɗauke ta zuwa makabarta, a ƙafa, ta babban titi. Ya san nauyinta.