Shaidu Mota Guda

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ta tsakiyar damina ba, lokacin naira tana sabuwa a hannun mutane, ranar da na kwashi magidantan unguwarmu na kai su Gusau suka kalli yadda ilimi yake kayar da mai shi.

Ina koyarwa a firamare a Tsafe a lokacin, kuma duk danginmu na 'Yandoto ni kaɗai na yi boko, don haka kowace takarda ta shigo gida ni ake nema (har ta jikin kwalbar maganin tari). Kawuna Alhaji Bawa ya kai ƙarar wani kamfani da gwamnatin tarayya ta ba aikin titi. Sun haƙa magudana ta juyo da ruwa cikin gonarsa, ya zaizaye gefen da ya fi albarka. Gonar nan ita ce cinsa da shansa, kuma ba zai yi nasara ba sai da shaidar waɗanda suka san yadda take a da.

Lauyansa ya aiko da wasiƙa. Ya ce zaman farko a babbar kotu na tsara shari'ar ne kawai: mai shari'a zai ji shaidu nawa kowane ɓangare zai kawo, da takardun da za a ba juna, sannan ya sa ranar saurare. Abin da yake so shi ne sunayen mutum uku, da watannin da suke da sarari. Ya ma ja layi a ƙarƙashin cewa ba sai kowa ya zo ba.

Na karanta, na kuma gane sarai, ba zan yi wa Turanci sharri ba. Matsalar ita ce ni kotun alƙali na sani, inda kake zuwa da shaidunka a tambaye su, kafin azahar an yanke. Na ce a raina lauyan nan ragwanta ke damunsa. Don me za a aika sunan mutum alhali mai sunan yana da ƙafa? Sai na karanta wa Kawu ranar zama, na haɗiye sauran.

Kwana huɗu ina yawo a keke, na tara mutum ashirin da uku, har da wani surukin Kawu daga Furfuri wanda sau ɗaya ya taɓa ganin gonar, shi ma daga kan jaki. Lokacin maimai ne, kowa ya bar ciyawa tana cin gero. Baba Ɗanjuma, tsohon da gonarsa ke iyaka da ta Kawu, kuma shaidarsa ta fi ta kowa nauyi, ya dube ni ya ce:

"Malam, in dai wuni guda na, mu tai. Amma hakin ga bai jiran kotu."

Ranar zama na sa kwat, na jera biro uku a aljihu, na zauna kusa da direba, jama'ata suna bayan gingimarin da muka ɗauko shata. Da lauya ya ga muna sauka a ƙofar kotu sai ya dafe kai. Ya ce mu zauna can baya, kada wanda ya yi ko tari.

Aka kira ƙarar. Lauyanmu ya roƙi a sa saurare cikin rani, domin shaidunsa manoma ne, daga saukar ruwa har a gama kaka ba sa iya barin gona. Ni kuwa da na ji rani sai zuciya ta ɗebe ni. Wata shida? Ga mutane a zaune? Na yanke cewa an sayi lauyan. Ban san lokacin da na miƙe ba, na gyara kwat, na shaida wa mai shari'a da Turancin da nake ajiyewa don zuwan sufeto cewa shaidu suna nan gaba ɗaya, kuma ko wace rana aka kira su za su zo, damina ko kaka.

Mai shari'a ya dube ni ta saman tabarau, ya tambayi ko ni wane ne a ƙarar. Na ce ɗan ƙanwar mai ƙara. Ya ce shaidun su tashi ya gani. Suka miƙe reras, da taɓo a ƙafa. Ya yi ɗan rubutu, ya ce wa lauyanmu da alama damina ba ta hana mutanensa tafiya, don haka ya sa saurare tsakiyar Oktoba, shaidu uku sun isa. Sannan ya ce wa ɗan sanda in na sake miƙewa a fitar da ni. Tafinta (Allah Ya yafe masa) ya juya komai da Hausa, bai rage ko wasali ba. Duka zaman bai kai rubu'in awa ba.

A waje ba wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da na fi samun sauƙi. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan ajiye hannuwana. Kawu ya shige gaban mota, ni na hau baya, kwat ɗina ya sha ruwan sama har Tsafe.

Tsakiyar Oktoba kuwa ita ce cirar gyaɗa, wadda in ka yi sanya ƙasa ta bushe, rabinta a ciki za ta zauna. Mutum ukun da lauya ya zaɓa duk suka ce ba inda za su. Kotu ta ƙi ɗage rana, tunda lauyan kamfani ya tuna mata da jawabina. Na je na durƙusa gaban Baba Ɗanjuma. Ya bar ni na gama magiya, sannan ya shiga ɗaki ya fito da fartanya.

"Kai kac ce ma alƙali ba mu da aiki. To ga ta. In ka cire min gyaɗa, ni in tai in yi maka magana."

Sauran biyun da suka ji, su ma suka kafa sharaɗi iri ɗaya. Asabar da Lahadi uku na yi a duƙe, ranar shari'ar ma izini na nema a makaranta na wuni a gonar Baba. Tafin hannuna ya yi bororo har alli ya gagare ni riƙewa.

Shaidun suka je suka faɗi gaskiya, daga baya kotu ta sa kamfani ya kauda magudanar. Kawu ya zo da kansa ya faɗa mini. Na tambaye shi, da 'yar ragowar taƙamata, ko lauya ya ambace ni.

"Ya ambace ka. Ya ce rashin zuwanka ya taimaka ƙwarai."

Tun daga nan ban ƙara sa wa wani rana da bakina ba, sai na fara tambayarsa abin da ya shuka.