Ragon Bene

Wata biyu kafin Babbar Sallah na sayi ragona, ina yi wa masu jiran tsada dariya. Gidan hayarmu a Fegge ba fili, sai na ɗaure shi a barandar bene, ina ɗura masa dusa.

"Maigida, ta ina zai sauko?" in ji matata.

"Ta inda ya hau mana."

Ranar jajiberi ƙofar matakala ta yi masa kaɗan. Muka zuro shi da igiya, 'yan okada suna kallo. Igiya ta tsinke, ragon ya faɗo ya karye a ƙafa. Liman ya duba ƙafar, ya ce gurgu ba ya layya.

Har yau dillalan raguna suna tambayata, "Alhaji, na ƙasa kake so ko mai tashi sama?"