Ramar Maƙwabcina a Gaithersburg

A shekarun 1980, ina ɗalibi a Gaithersburg ta Amurka, ba abin da nake kewa kamar kwaɗon ramar mahaifiyata. Wata rana maƙwabcina Bature zai yi tafiya, ya bar min makulli in riƙa ba shukarsa ruwa. Ina buɗe kabad ɗin da ya ce shukar na ciki, sai ga rama ƙarƙashin fitila, har ta fara fure, ganyen duk ya nannaɗe.

Ni kuwa ɗan manomi ne, kallo ɗaya na yanke hukunci: zafi ya dame ta, iska take so. Na jera tukwanen a baranda, na rage ganye, na dafa, na kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Na kai wa Anti Saratu, nas ɗin da ta riƙe mu ɗalibai 'yan gida kamar uwa.

Ta shinshina, ta dube ni. "Ɗana, wa ya ce maka rama ce? Wiwi ka kwaɗa min!"

Da gudu na koma na kwashe tukwanen kafin 'yan sanda su hango, bizata ta tashi.

Yanzu duk mun yi furfura, amma kowace Kirsimeti in mun haɗu sai wani ya ɗaga murya: "Malamin gona, bana wane ganye zai kai mu kurkuku?"