Yaran Ƙarƙashin Tebur

Shekarar Olamfik, lokacin gwiwata na da ƙarfi kuma Guangzhou na da daɗi, ina taƙama idona bai taɓa zaɓo kayan kwantai ba. Ko'ina 'yan tsanan wasannin ake sayarwa. Sai na ci karo da wasu baƙaƙe wuluk, leɓe ja zur har kunne, idanu kwala-kwala. Da ilimina na aji huɗu na yanke hukunci cewa 'yan tseren Afirka aka karrama. Laoban, wato mai shagon, ya kara ɗaya da fuskata yana dariya, ni kuwa har da godiya. Na kwaso kwali guda na jera a shagona na ginin Tianxiu.

Hajiya Rabi, 'yar Kumasi da ta zauna Landan, ta shigo shagon, ta daɗe tana kallonsu.

"Baba Alhaji, da irin waɗannan Turawa suke yi wa baƙar fata ba'a."

Na ce ai kama ce aka yi da mu, mene ne laifi?

"To nuna min mai kama da jikarka."

Na duba, na sake dubawa. Kwalin ya koma ƙarƙashin tebur, sayarwa kunya, zubarwa ciwo.

Har yau in abokai sun bugo daga Maraɗi, sai sun tsokane ni da 'yan tsanan, "Alhaji, ya yaran? An samo musu biza kuwa?"