Magen da Ban Yi Cigiyarta Ba

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ƙarar murfin tukunyar nan ba. Ina shara da hantsi a gidanmu na Kazaure na ji ƙwaram a kicin. Na leƙa, sai ga wata mage, ƙashi da rai, tana lasar ƙanzon shinkafa. Tausayi ya kama ni. Na dama mata madara, na shimfiɗa mata tsohon zani a sito, na ja ƙofa na rufe don kada ta koma yawon wahala.

Da maigidana ya dawo daga wurin aikinsa a Gwiwa, ya ce, "Maman Hafsa, tsintuwa ce fa. Ƙa'ida ita ce a sanar da mai unguwa a yi cigiya, a kai ta asibitin dabbobi a yi mata rigakafi, sannan ki riƙe."

Na ce, "Haba Malam, mage ce fa, ba saniya ba!" (Har dariya na yi masa, ni mai takardar sakandare.)

Kwana huɗu tana kuka tana yaƙushin ƙofa, ni kuwa ina cewa baƙunta ce. Da na ga nonuwanta sun kumbura, cewa na yi ma sha Allah, abincina ya karɓe ta.

Ran Asabar a Islamiyyar matan aure, malama ta yi darasi kan jinƙan dabbobi. Wa ya aike ni? Na ɗaga hannu, na gyara hijabi, na zayyano labarin magena har da ƙarin gishiri. Mata sai "Allah ya ba da lada" suke, ni kuwa kaina na ta fashewa.

Sai Inna Delu, tsohuwar da ke sayar da daddawa a bayan layinmu, ta ce daga can baya, "Yarinya, baƙa ce mai fari a wuya?"

"Ita ce, Inna."

"To tawa ce. Jego take, shi ya ramar da ita. 'Ya'yanta huɗu na ƙarƙashin gadona, ko ido ba su buɗe ba. Gida-gida na bi, har wurin mai unguwa na je, ya ce ba wanda ya sanar da shi. Uku sun mutu."

Mata duk suka juyo suna kallona. Wata ta ce a hankali, "Au, kulle ta kika yi?" Malama ta sunkuyar da kai ta juya shafi. Na rasa inda zan sa fuskata.

Ranar na san cewa ladan da aka yi gaggawar kwasa ba tambaya, sau da yawa haƙƙin wani ne.

Bayan La'asar na sa magen a kwali, na haɗa da gwangwanin madara, na yi sallama gidan Inna. Jikarta, 'yar shekara shida, ita ta karɓi kwalin. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni.

"Anti, ki koma da madararki. Na huɗun ma ɗazu muka binne shi."